Bayan ATC 250R ɗina ya yi tsayi da yawa, ya zan yi in sauke shi?

Bashir Dallas: Slm jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin kan mashin ku matso kusa. Na sayi wani tsohon Honda ATC 250R ɗan 1985 a hannun wani dattijon bature can bayan gari, mai ƙafa uku ɗin nan na daji da yashi, inji lafiya lau bugu ɗaya yake tashi, amma bayansa ya ɗage sama sosai, in na hau sai in ji ina zamewa kan tanki, kuma in na sha kwana da ɗan gudu sai tayar ciki ta ɗaga ya nemi kifar da ni. So nake in sauke bayan ko da inci biyu ne. Wani abokin aikina ya ce in yanke sifirin shok ɗin baya kawai a wuce wurin, wani kuma ya ce akwai linki na musamman da ake sayarwa, wato ƙarfen da ke haɗa shok da hannun tayoyin baya. Wanne ya fi dan Allah?

Auwalu Keke: Wslm. Tooo, ashe har a Amurka ana adaidaita sahu. Nawa drop?

Bashir Dallas: Kai Auwalu Allah ya shirye ka. Wannan mutum ɗaya yake ɗauka, kuma ba a hawa titi da shi.

Oga Sani: Wa'alaikumus salam. Bashir kafin komai, wanda ya ce ka yanke sifirin ka gaishe shi ka ce na ce ya bar ba da shawara a kan abin hawa. Sifirin in ka yanke shi ƙara tauri yake yi, ba laushi ba, don zagayen da suka rage su ne za su ɗau duk nauyin, sannan bakinsa da aka lallasa a kamfani ya zauna daram a kan kujerarsa ya tafi, zai zauna a karkace yana cin jikin shokozoba. In mashin ya yi tsalle shok ya miƙe gaba ɗaya sai ka ji sifirin yana ƙwal ƙwal don ya yi gajarta. Haka masu sa masa wutar walda wai ya kwanta, sun kashe ƙarfen ke nan, wata rana ya karye maka a tsakiyar gudu. Na ga wannan aikin a kan babura ba adadi, ba wanda ya ƙare lafiya.

Bashir Dallas: Na gode Oga, an bar maganar yanka.

Nura Columbus: Masha Allah Bashir ka yi tsintuwa, 85 da 86 su ne masu lagireto da giya shida, su kowa ke nema yanzu. Ni 350X nake hawa, shi ma a shekarun nan biyu aka yi shi, amma fostirok ne. Tambaya ɗaya kafin kowa ya sa ka kashe kuɗi, a ina za ka riƙa hawa? Don saukarwar da mai tseren fili zai yi daban, ta mai shiga daji daban, ta mai yashi daban.

Bashir Dallas: Yawanci hanyoyin daji ne Yaya Nura, da gonar wani abokina, sai kuma muna shirin zuwa Little Sahara, filin tuddan yashi da ke Oklahoma, in sanyi ya ɗan shigo.

Ilya Agadas: Wanga wuri na gan shi a hoto, eka dubu ɗaya da ɗari shida kunka samu kuna ta murna. Ku taho Tenere ku ga yashi na gaske, kat-kat ma, motar jeji, sai ta yi kuka.

Nura Columbus: Ilya bar mu da ɗan abin da muka samu. To Bashir ji nan. In yashi da daji ne kar ka sauke shi da yawa, don za ka buƙaci tafiyar shok ɗin, musamman a kan ƙananan tuddan nan da ke jere a hanyar shiga yashi, in ba wurin da shok zai nutse bayan ne zai riƙa dukanka yana cilla ka gaba. Kuma ina da zato a kan mashin ɗinka. Baturen da ya sayar maka, ƙato ne?

Bashir Dallas: Wlh ƙato ne, zai yi biyuna. Ni kilo 70 ne da 'yan kai.

Nura Columbus: To ka ga inda gizo ke saƙar. Leƙa saman sifirin na baya za ka ga noti biyu manya masu haƙora a kan zaren jikin shok, na sama shi ke kulle na ƙasa. Ina kyautata zaton ya ɗaure su har ƙasa don su ɗau nauyinsa, kai kuma ka zo ka hau mashin bai ma san an hau shi ba. Kafin ka sayi komai ka yi awo. Ɗaga bayan a kan jak ko akwati tayoyi su bar ƙasa, manna ɗan salatif a jikin roba ko firem daidai saman aksil, auna daga tsakiyar aksil zuwa alamar. Sauke shi ƙasa ka danna sau biyu ya zauna da kansa, sake aunawa. Sannan ka hau da hular kwano da takalminka, ƙafa biyu a kan mataki, wani ya auna maka na uku. Turo mana lambobin nan guda uku.

Injiniya Mubarak: Na goyi bayan Malam Nura. Bari in ƙara lissafin don ya san abin da yake nema. Tafiyar bayan 250R na 85 wajen inci 9.8 ce, wato kusan milimita 250. Ƙa'idar da masu gyaran shok ke bi ita ce in mahayi ya zauna bayan ya nutse wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar ko ƙasa da haka kaɗan, ka ce milimita 75 zuwa 85. In ka auna ka ga 40 ko 50 kake samu, to inci ɗaya da wani abu na nan kyauta a cikin notin nan, ba ka sayi komai ba.

Oga Sani: Kuma ka wanke zaren da buroshi ka zuba masa ɗan mai kafin ka taɓa, mashin ɗin shekara arba'in ne, in ka hau shi da guduma da ƙusa kan tsatsa za ka cinye haƙoran notin. In ba ka da sifanar ƙugiya ka samu ƙarfe mai dakusasshen baki ka riƙa bugawa a hankali. Bayan a ɗage za ka yi, ba da nauyi a kai ba.

Anti Rabi: Ni dai ban san noti ba ban san sifirin ba, amma na san abin da ake kawo mana asibiti ranar Asabar da Lahadi. Bashir abin nan ba shi ne gwamnati ta hana ba? Kana da iyali fa.

Injiniya Mubarak: Anti, abin da ya faru shi ne a ƙarshen 1987 zuwa 1988 gwamnatin Amurka ta yi yarjejeniya da kamfanonin, su Honda da Yamaha da Kawasaki da Suzuki, suka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku saboda yawan haɗurra, da yawa kuma yara ne aka ɗora a kan manyan mashina. Yarjejeniyar ta shekara goma ce, daga baya dokar 2008 ta sake rufe ƙofar shigo da sababbi. Amma wanda ke hannun mutane ba a hana hawansa ko sayar da shi ba, shi ya sa Bashir ya samu nasa. Tsoronki dai yana kan hanya, abin ba ya yafiya.

Anti Rabi: To Allah ya tsare. Hular kwano dai dole, kuma kar in ga hoton ɗanka Khalil a kai, ko a tsaye yake.

Bashir Dallas: In sha Allah Anti, uwarsa ma ta riga ki kafa wannan dokar.

Nura Columbus: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ba ka tambaya ba Bashir. Ɗagawar tayar ciki da kake jin tsoro, wani ɓangarenta haka mashin ɗin yake, ba lalacewa ba ce. Aksil ɗin baya sanda ɗaya ce, tayoyin biyu tare suke juyawa ba mai fin wata gudu, to a kwana dole ɗaya ta saki ƙasa ko ta zame in ba haka ba mashin ya ƙi juyawa ya tafi da kai gaba sak. Hawansa shi ne ka fitar da ɗuwawunka daga siti zuwa cikin kwanar, ka taka matakin waje, ka ba shi wuta bayan ya zame. Wanda ya zauna a tsakiyar siti ƙiƙam irin zaman babur ko ka sauke masa mashin har ƙasa sai ya kife. Kuma kar ka kuskura ka sauke ƙafa ƙasa kana tafiya, tayar baya na nan daidai bayan dugaduganka, za ta hau ƙafar ta fizgo ka. Don haka ko tsayin mutum ba hujjar saukarwa ba ce a mai ƙafa uku, ba a dogarawa.

Injiniya Mubarak: Wannan magana ta Malam Nura lissafi ma ya yarda da ita. Mashin ɗin wajen kilo 130 ne ba mai, kai kuma 70 da wani abu, ka ga kai kaɗai ka fi kashi ɗaya cikin uku na duk nauyin da ke tafiya. In ka matsar da jikinka taƙi ɗaya zuwa ciki ka yi abin da saukar inci ɗaya ba za ta yi ba. Sannan ka zana layi daga tayar gaba zuwa tayar baya ta waje, a kan layin nan mashin ke kifewa. Ta baya filin na da faɗi, ta gaba ya tsuke ya koma taya ɗaya. Shi ya sa mafi munin abu shi ne ka shiga kwana kana danne da birkin gaba, nauyi ya taru a inda ba faɗi. Birki tun kafin kwana, a cikin kwana wuta. Abu biyu ke rage kifewa ta ɓangaren ƙarfe, nauyi ya yi ƙasa ko tayoyin baya su ƙara nisa da juna, kuma na biyun yakan fi jin daɗi a hannu.

Auwalu Keke: Yanzu fa na fara fahimta. Oga Sani to mu keke me ya sa tamu ba ta buƙatar wannan zamiyar? Kuma in na sauke bayan tawa za ta rage rawa a kwana?

Oga Sani: Auwalu taka Bajaj ce ko TVS, duk akwai difirenshal a ciki, tayar waje tana fin ta ciki gudu a kwana, kuma kowace tayar baya da hannunta da shok ɗinta. Wancan sanda ɗaya ce shok ɗaya a tsakiya. Kar ka sauke keke, injinka a baya yake a ƙasa, da wane bamp za ka fara gaisawa, ga ruwan damina. In tana rawa ka zo a duba bushin da shok, kuma ka daina ɗaukar mutum biyu a gaba.

Auwalu Keke: Oga a bar tone-tone a gaban mutane.

Bashir Dallas: Jama'a na dawo da awo. A ɗage 520, da nauyin kansa 516, da na hau 476. Amma wani abu, in na danna bayan na saki ba ya dawowa wuri ɗaya, wani lokaci 516 wani lokaci 508, kuma yana wani ƙiiii daga ƙasa.

Nura Columbus: Ka gani ko. Milimita 44 kawai kake nutsawa, kuma da nauyin kansa 4, wato sifirin a ɗaure yake tamau. Amma ƙarar nan da rashin dawowa wuri ɗaya ta fi damuna, boris ɗin linki ne suka bushe. Kar ka saita komai tukuna, duk awon da za ka yi a kan busasshen linki ƙarya zai ba ka.

Oga Sani: Kwance shi gaba ɗaya. Cire shok, cire ƙarafan linkin, cire dogon bol ɗin da hannun baya ke juyawa a kai, wannan ma in ya yarda ya fito ka gode wa Allah don yakan manne da tsatsa, ka jiƙa shi da mai ya kwana kar ka fasa masa baki da guduma. A cikin linkin za ka ga ƙananan boris masu kamar allurai, in sun fito jajaye suna zubewa gari to sun gama aiki. Ka shimfiɗa farin tsumma a ƙasa kafin ka zare, don alluran nan in suka watse a garejin ba ka ƙara ganinsu. Ɗauki hoto kafin ka kwance, linkin yana shiga ta fuska biyu amma ɗaya ce daidai.

Nura Columbus: Saitin boris da sil na linki ana samu, duba na All Balls ko Pivot Works, ka tabbata ka zaɓi na 85 zuwa 86 don na 83 da 84 daban ne. Giris mai jure ruwa za ka cika musu.

Ilya Agadas: Mu nan yashi ya koya muna, giris in ya yi yawa a waje shi ka kiran ƙasa. A cika ciki, a goge waje tas.

Bashir Dallas: To in na yi duk wannan na sassauta notin har na samu 80, kuma na ga har yanzu ina son ya ƙara sauka fa? Linkin da aka ce min ɗin nan ya yake?

Injiniya Mubarak: Bari in bambance maka su biyu don mutane na haɗa su. Linkin saukarwa tsayinsa ya ɗan bambanta da na kamfani, yana matsar da duk tafiyar hannun baya zuwa sama. Shok na nan da tafiyarsa cikakkiya, amma inda zai ƙare in ya nutse duka ya matso kusa da firem, to a nan ne aksil ko kalifar birki ko cen za su iya dukan salansa ko akwatin iska ko ƙasan siti. Kuma yana canza yadda taurin ke ƙaruwa, sau da yawa bayan ya yi laushi ya riƙa kaiwa ƙarshe da wuri. Ɗaya hanyar ita ce a buɗe shok a sa ɗan sifesa a jikin sandarsa ta ciki, ya hana shi miƙewa duka. Wannan inda yake ƙarewa a ƙasa bai canza ba, ba abin da zai daki wani, abin da ka rasa shi ne tafiyar sama daidai yawan abin da ka sauke. Kuma sifesan ƙarami ne, don linki na ninka motsi wajen sau biyu da rabi zuwa uku, milimita 10 a shok za ta ba ka kusan inci ɗaya a aksil. Ni ta biyun nake ba mutane shawara.

Nura Columbus: Ni ma ita. Dama shok ɗin Showa na shekara arba'in man cikinsa ya zama ruwan kwata, dole ka kai shi a canza mai da sil a sake cika gas, to a wannan buɗewar ɗaya sai ka ce su sa maka sifesan, su kuma duba ko sifirin zai zauna da tsayinsa ko sai an samo gajere daidai nauyinka. Nemi shagon da ke gyaran shok na baburan tsere, a Texas suna da yawa, ka gaya musu nauyinka da irin wurin da kake hawa.

Oga Sani: Kar ka buɗe shi da kanka. Gwangwanin nan da ke haɗe da shok naitirojin ne a ciki da matsi ya haura fam 150, ba iskar faci ba ce. Wani yaro a layinmu ya taɓa kwance irinsa bai sace gas ɗin ba, murfin ya tashi ya huda kwanon rumfa, da fuskarsa ce a wurin da yanzu wani zancen ake.

Auwalu Keke: Innalillahi.

Nura Columbus: Akwai kuma wata dabara ta masu tseren fili wadda ba ta cin ko sisi. Gidan boris ɗin aksil na 250R ɗinka zagaye ne amma ramin aksil ba a tsakiya yake ba, shi ake juyawa a ja cen. To aksil na iya zama a rabin ƙasa na zagayen ko a rabin sama, cen ya ja daidai a duka biyun. In ka juya shi aksil ya koma sama mashin ya sauka wajen inci ɗaya. Sai dai hannun baya da farantin da ke kare shi sun matso ƙasa ke nan, a daji za ka riƙa jin duwatsu, kuma sai ka duba mariƙin kalifa ya zauna a gurbinsa tiyon birki bai ja ba. A fili mai laushi tana da kyau, a daji ni ban so ta.

Bashir Dallas: Taya fa? Na ga wasu hotuna bayan ya kwanta sosai da ƙananan tayoyi masu faɗi.

Nura Columbus: Waɗannan inci 18 ne. Naka na kamfani 20 ne a rim 9. In ka koma 18 aksil ya sauka inci ɗaya cif, kuma gefen tayar gajere ne ba ya lanƙwashewa, mashin ya fi zamewa maimakon ya kama ƙasa ya ɗaga. Gaskiya a cikin duk abin da aka lissafa wannan ne za ka fi ji a kwana. Tayoyin nan masu ƙumburi kamar balan-balan su ne ke naɗewa ƙarƙashin rim su cilla mutum. Amma sifroket da faifan birki su ma sun matso ƙasa da inci ɗaya, ka sa musu faranti mai kauri.

Injiniya Mubarak: Kuma giya za ta gajarce da kashi 10 cikin ɗari, 18 a kan 20 ke nan. Zai fi fizga, gudun ƙarshe ya ragu. In sifroket ɗin gabanka haƙori 13 ne ka sa 14, ka dawo da kusan kashi 8.

Ilya Agadas: Amma cikin yashi ƙaramar taya nutsewa taka yi. Babba, iska kaɗan.

Nura Columbus: Gaskiyar Ilya. Don Little Sahara ka bar 20, in da hali ka samu masu fikafikai na yashi a rim daban, ka riƙa canzawa. Kuma ka sayi gejin iska na ƙaramin matsi, tayoyin nan fam 3 zuwa 5 ake sa musu, gejin mota ba ya ma motsi a nan, in ɗaya ta fi 'yar'uwarta da rabin fam mashin zai riƙa ja gefe. Kar ka manta da doguwar sandar nan mai tuta, ba sa barin shiga yashin sai da ita.

Oga Sani: Duk wanda ya sauke baya ya manta gaba ya yi rabin aiki. Bayan in ya sauka kan mashin ya miƙe gaba, sitiyari ya yi nauyi, tayar gaba ta rasa nauyin da za ta kama ƙasa, ka juya kai shi kuma ya ci gaba da tafiya sak.

Nura Columbus: Haka ne. Sassauta bol ɗin da ke riƙe da sandunan shok na gaba ka tura su sama ta cikin maƙalarsu, fara da milimita 10, duka biyun daidai wa daida da ruler. Kar ka wuce inci ɗaya. Bayan nan ka ɗaure mashin da igiyar ratchet ka ja gaban ya nutse iya nutsewa, ka juya kai dama da hagu ka ga taya ba ta taɓa roba ko bututun salansa ba, don tayar gaba in ta daki wani abu a saukar tsalle tsayawa take cak. Amma a naka da bayan ya ɗage fiye da ƙima, in notin kawai ka sassauta wataƙila ba sai ka taɓa gaban ba, dawowa daidai ya yi. Hau ka ji tukuna.

Injiniya Mubarak: Cen ma a sake dubawa. Ya fi tsananin ja lokacin da sifroket na gaba da bol ɗin hannun baya da aksil suka zo layi ɗaya, mashin da aka sauke yana zama kusa da wurin nan, don haka in ka ja shi da irin sakin da ka saba a tsaye, yana nutsewa kaɗan zai yi tauri ya ci boris ɗin giya. Tunda shok a cire yake, ɗaga hannun baya da hannunka har layin ya daidaita, ka bar masa ɗan saki a wurin.

Bashir Dallas: Maganar faɗi fa Injiniya, na ga sifesa na taya masu arha, inci biyu kowane gefe.

Nura Columbus: Suna aiki in hawan lallaɓa ne, amma suna ƙara wa aksil wahala a bakinsa, tsohon aksil na kamfani in ka yi tsalle da su sai ya lanƙwashe ka ga taya na rawa. In ka tara kuɗi sayi dogon aksil gaba ɗaya, Durablue da Lone Star duk suna yi, ƙarin inci biyu zuwa huɗu. Auna faɗin bayan ka gama kar ya haura inci 50, hanyoyin daji da yawa na gwamnati iyakarsu ke nan, wasu har da turaku a bakin shiga. Sandar ƙarfe da ake sawa a madadin shok kuwa kar ma wani ya kawo maka zancenta, ta masu tseren miƙaƙƙen layi ce.

Bashir Dallas: Jama'a ga rahoto. Boris biyu na linki sun mutu murus, gari suka zubo kamar yadda Oga ya faɗa, na canza duka na cika giris. Na mayar da shok ɗin haka nan don in gwada, na sassauta notin har awo ya ba ni 520, 497, 440. Wato 80 cif, bayan ya sauka milimita 36 daga inda yake. Na zaga gonar abokina, zamewa kan tanki ta tafi, kwana ma da na fitar da jiki ciki sai ga bayan yana zamewa da kansa. Amma yana ɗan yin lilo bayan rami, sau biyu uku kafin ya tsaya.

Oga Sani: Man shok ne ya mutu, da taurin boris ne ke ɓoye maka. Kai shi gyara.

Nura Columbus: Lambobin sun yi kyau, 23 da nauyin kansa na nufin sifirin ɗin ya dace da kai ba sai ka sayi wani ba. Ni a ganina ka ce su yi mai da sil da gas kawai, a bar sifesan tukuna har ka dawo daga yashi, in har lokacin kana so sai a sa na milimita 8 ko 10. Kuɗin linkin ka zuba su a taya 18 na daji da farantin ƙasa.

Injiniya Mubarak: In za ka aika shok ɗin ka auna tsayin sifirin a yadda ka saita shi yanzu ka rubuta, don in ya dawo ka mayar da notin wurin ba sai ka fara daga farko ba.

Bashir Dallas: Na rubuta a jikin bangon gareji. Gobe in sha Allah zan kai shi. Allah ya saka da alheri gaba ɗaya, Oga Sani a gaida mutanen Ƙofar Ruwa. Yaya Nura in ka ga rim 9 ko 8 na hannu masu kyau a wajenku ka taɓa ni.

Nura Columbus: Akwai taron masu ƙafa uku da ake yi a Haspin Acres ta Indiana lokacin zafi, can ake baje irin kayan nan, amma kafin nan zan tambayi wani mutumina yana da saiti a ajiye. Turo min hoton hob ɗinka da awon tsakanin ramukan bol ta inbox, kar in sayo maka wanda ba zai shiga ba.